Na Bi Tsuntsaye Zuwa Bakin Ruwan Owabi

Biki ne ya kai ni Kumasi a tsakiyar hunturu. Ɗiyar yayana aka aurar a Aboabo. Shi Yaya ɗan wan mahaifina ne. Babansa ya bi fataken goro tun yana saurayi, ya sauka a Zango, ya yi aure, bai ƙara komawa Kano da zama ba. Da aka watse daga biki, sauran baƙi suka kama hanya, Yaya ya ce ni dai ba inda za ni sai na ga gari. Ya kuwa nuna mini gari. Mun shiga gidan tarihi na fadar Manhyia, tsohon ginin da Turawan Ingila suka yi a 1925 domin Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan ya dawo daga tsibiran Seychelles inda suka tsare shi. Mun leƙa takobin Okomfo Anokye, shahararren bokan Asante na da, da ke kafe a ƙasa cikin harabar babban asibiti. Mun kutsa Kejetia, kasuwar da in ka saki ɗan rakiyarka sai dai ku haɗu a gida. Mun je Bonwire wajen masaƙan kente, zanen gargajiya na Asante. Babu wanda zan ce bai cancanci a gani ba. Sai dai yawon buɗe ido yana da tasa gajiyar: kullum kana tsaye ana zuba maka sunayen sarakuna da shekaru, ana ɗaukar hoto, kafin abin ya zauna maka a kai an tura ka mota zuwa wuri na gaba. Kunnena ya cika da hon ɗin trotro, wato ƙananan motocin haya, da kiran 'yan kamasho.

Ɗan Yaya na biyu, wanda ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, shi ya lura. Bayan sallar isha'i ya same ni a tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, gobe ku huta da gidajen tarihi. In kun yarda, in kai ku Owabi mu kalli tsuntsaye."

Na ce masa ai tsuntsu ko'ina akwai shi, ga hankaki nan suna kwana a kan mangwaron gidan.

"Akwai, Baba. Amma waɗannan sai an je musu da sassafe, an kuma zauna musu."

Tun daren ya fara shirya ni. Ya dubi farar rigata ya ce ba da ita ba, fari yana ɗaukar ido daga nesa, tsuntsu zai gan ka tun kafin ka san yana wurin. Ya kawo mini riga ruwan ƙasa mai dogon hannu, da takalmi rufaffe da safa saboda sauro da kwarkwasa. Ya haɗa gorar ruwa, da ɗan littafin rubutu, da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a kan takardar da ta sha raɓa. Sannan ya fito da madubin hangen nesa irin mai ido biyu. A jikinsa an rubuta 8x42. Lambar farko tana nufin zai kusanto maka da abu ninki takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tara haske. Ya ce mutane da yawa sukan ɗauka wanda ya fi ƙarfi ya fi kyau, alhali in ƙarfin ya yi yawa hoton rawa yake yi a hannu, filin da kake gani kuma ya ƙanƙance, kafin ka lalubo tsuntsun ya tashi.

A kan hasumiyar masallacin unguwa, wadda fitila ke haskawa, na koyi saita shi. Da farko ana naɗe gangunan biyu ko a buɗa su har da'irori biyun da kake gani su haɗe su zama guda. Sai ka rufe idon dama, ka murza zoben tsakiya har idon hagu ya ga abu tar. Sai ka rufe na hagu, ka murza ɗan zoben da ke kan gilashin dama har shi ma ya daidaita, don idanun mutum ba ƙarfinsu ɗaya ba. Da yake ina sa tabarau, ya lanƙwasa mini robar bakin gilasan ƙasa. Abin da ya fi nanatawa shi ne ɗagawa: "Ku kafa ido a kan abin da kuke so, kada ku sunkuyar da kai ku dubi madubin. Ku ɗago shi ya zo ya sami idon a inda yake." Ya sa na yi ta maimaitawa a kan jinjirin watan da ke ƙolin hasumiya har hannuna ya saba da tafiyar.

Mun yi asuba a masallaci, muka tsaya wurin mai koko muka sha da ƙosai a tsaye. Hanyarmu ta fita ta bi ta kan gadar rafin Aboabo. Gari bai gama wayewa ba, amma ana ganin ruwan: baƙi, yana tafiya da ƙyar tsakanin ledoji da robobi, wari yana tasowa. Balbelu biyu-uku suna tsaye a kan tarin shara, fararen gashinsu ya yi dauɗa. Yaron bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Muka sami mota ta bi da mu Sofoline, muka ɗauki hanyar Sunyani, muka wuce Abuakwa kafin cunkoson safe ya kankama, a Akropong muka karkata zuwa Esaase. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Ba a shiga Owabi sai da jagora daga sashen kula da namun daji. Yaron ya riga ya yi waya tun jiya cewa da wuri za mu iso, don haka muka tarar da jami'in yana jiranmu, dattijo siriri cikin koren kaya da takalmin roba. Muka gaisa, muka rubuta suna a rajista, muka biya kuɗin shiga. Shi Twi, harshen Asante, yake yi da Ingilishi, yaron yana mayar mini da abin da ya shige mini duhu. Muna tafiya yana ba mu labarin wurin ƙasa-ƙasa.

Owabi rafi ne da ke tattara ruwan unguwannin arewa maso yammacin Kumasi. A 1928 gwamnatin mulkin mallaka ta tare shi da madatsa domin birni ya sami ruwan famfo, kuma shi ya shayar da Kumasi shekaru masu yawa kafin a gina babbar madatsar Barekese a kan kogin Offin. Don kada zaizayar ƙasa ta cike tafkin, aka hana noma da saran itace a kewayensa. Gonaki suka koma daji da kansu, wasu wuraren aka dasa itatuwa. A 1971 aka ayyana wurin a matsayin mafakar namun daji, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 13, a 1988 kuma ya shiga jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Irin waɗannan wurare 6 ne a Ghana, 5 suna bakin teku, Owabi kaɗai ke can cikin ƙasa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: kurmin da muke ratsawa, mai duhu da sanyi har ina jin raɓa tana ɗiga a wuyana, ba kurmin asali ba ne. Ƙasa ce da aka taɓa nomawa, aka janye mata fartanya da gatari, ta farfaɗo. A cikinta an lissafa tsuntsaye iri 161, daga cikin sama da 750 da aka sani a Ghana baki ɗaya.

Inda gora ta yi rumfa a kan hanya, dogayen sandunanta sun sunkuyo sun haɗe a sama, jagoran ya ɗaga hannu muka tsaya. Yaron ya raɗa mini, "Baba, a nan kunne ke fara aiki. Ku bar madubin tukuna." Muka yi tsit. Da farko hayaniya ce kawai, kuka ta ko'ina a cakuɗe. Da na ɗan jima sai sautukan suka fara rabuwa, kowane tsuntsu da kukan gidansu. Wanda na fara ganewa ragon maza ne, wannan "hu-hu-hu-hu" mai gangarowa da na sani tun ina yaro a fadamun garinmu. Daga sama can wani ya ɗauka da murya mai kaushi, "kwa-kwa-kwa", wani ya amsa masa daga nesa. Jagoran ya karkata kai wajen sautin ya jira. Ba ya nuni da hannu, don miƙa hannu farat ɗaya yana korar tsuntsu. Da baki ake kwatance, a mayar da itacen tamkar fuskar agogo: rimin can, wajen ƙarfe goma, kusa da inda reshe ya rabu biyu.

Na kafa ido, na ɗago madubin. Ganye kawai. Na sauke, na sake duba wurin da ido tsirara, sai na ga reshe ya motsa. Na ɗago a karo na gaba, ga shi nan: kore shar, girmansa ya ɗara na tattabara, da tukku a ka, da jan zobe kewaye da ido, da dogon wutsiya. Ba tsalle yake yi ba, gudu yake a kan reshe. Da ya buɗe fukafukai ya tsallaka zuwa wani itacen sai ja ya bayyana a ƙarƙashinsu, ja mai ƙarfi wanda ba ka zaci yana ɓoye a jikin koren tsuntsu ba. Turako ake ce masa, a Afirka kaɗai danginsa suke, kuma yaron ya ce jan nan wani sinadari ne mai ɗauke da jan ƙarfe a cikinsa. Abin bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, amma sai da na ce "Subhanallah" a fili, jagoran ya juyo ya yi murmushi ya ɗora yatsa a leɓe.

Gaba kaɗan wasu dangin cilakowa suka ratsa ta samanmu, baƙi da fari, bakinsu babba mai ruwan ƙwai-ƙwai, suna fiffika kaɗan su saki jiki, su sake fiffika. Sun fi namu na arewa girma da duhu, amma ɗabi'ar gidan ɗaya ce: macen takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga inda namijin zai riƙa miƙo mata abinci har 'ya'ya su tasa. Birai suka bi ta ƙolin itatuwa suna karya rassa. Sau ɗaya jagoran ya tsayar da mu muka tsallake layin kwarkwasa da ya yanke hanya, a nan na gode wa safar nan.

Muka fito fili a kan bangon madatsa daidai lokacin da rana ta ɗago, jajir cikin hazon hunturu. Tafkin yana kwance, tururi na tashi daga kansa, daji ya kewaye shi har bakin ruwa. Jagoran bai bar mu a inda muka ɓullo ba. Ya zagaya da mu har rana ta koma bayanmu, domin in kana fuskantarta duk tsuntsun da ka gani baƙi ne, ba launi ba zane. Ya zaɓi gindin wani itace inda jikinmu ba zai fito a sarari ba, muka zauna.

Zaman nan shi ne ainihin aikin, kuma shi ya fi wuya ga wanda ya kwana biyu ana jan sa daga wannan wuri zuwa wancan. Isowarmu ta sa komai ya ɓuya. Babu abin yi sai jira, ba magana, ba waya, ba gyara zama kowane lokaci. Minti goma na farko ban ga komai ba sai ruwa da ganyen bado. Daga nan, a hankali, wurin ya manta da mu. Wata 'yar baƙar kazar ruwa mai ɗorawar baki da jajayen ƙafafu ta leƙo daga cikin ciyawa, ta koma, ta sake fitowa. Zalɓe mai ruwan jar ƙasa, wanda tun ɗazu yake tsaye cikin ciyayin gefe ban rarrabe shi da su ba, ya miƙa wuya. A kan wani kututture da ya leƙo daga ruwa, wani baƙin tsuntsu mai dogon wutsiya ya baza fukafukai yana shanya su bayan ya gama nutso.

Sai ga mai tafiya a kan bado. Ta fito daga hagu, ba ta fi taku goma daga inda muke ba, har ba na buƙatar madubin sosai. Jikinta ja-ja mai duhu, wuyanta fari da ɗan zinariya-zinariya a ƙirji, baki da goshinta shuɗi mai haske. Amma ƙafar ita ce abin kallo. Yatsun dogaye ne ƙwarai, sirara, in ta ɗaga ƙafa sai su tattaru su rataya, in ta sauke sai su bazu a kan ganyen su raba nauyinta. Ganyen yakan ɗan nutse, ruwa ya hau kansa, kafin ya nutse gaba ɗaya ta riga ta taka na gaba. Tana tafe tana ɗaga gefen ganye da baki tana tsince ƙwarin da ke ƙarƙashi. Yaron ya matso ya raɗa mini cewa a wannan dangin macen ta fi namijin girma, takan yi ƙwai ta bar wa namiji, shi zai kwanta a kai, shi zai yi reno, in haɗari ya taso kuma ya kwashe 'yan tsakin a ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Na daɗe ina binta da ido har ta shige bayan ciyawa.

A nan yaron ya koya mini yadda ake gane tsuntsu, kuma ya saɓa wa abin da na zata. Ni launi nake fara kamawa. Shi ya ce launi ne ƙarshe, don haske yana sauya shi, namiji da mace da ƙarami kuma sukan bambanta. A fara da girma, a auna shi da wanda aka sani: ya kai kurciya, ko hankaka, ko bai wuce kanari ba? Sai baki, dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Sai ƙafa da wutsiya. Sai abin da yake yi da inda yake yinsa, a ƙasa, a kan ruwa, ko a ƙolin itace. A rubuta duk wannan tun tsuntsun yana nan, kada a buɗe littafin hotuna sai ya tashi, domin littafi ba ya tashi. Na gwada a kan wani mai baƙi da fari da ya zo ya tsaya cak a iska a kan ruwa, fukafukai na kaɗawa, kai a sunkuye. Na rubuta: bai kai kurciya ƙiba ba, baki dogo baƙi miƙaƙƙe, yana tsayawa a iska. Kafin in ɗago ya faɗa ruwa da ka, ya fito da ɗan kifi a baki, ya koma reshe ya buga shi sau da yawa sannan ya juya shi ya haɗiye ta kai. Da muka duba littafin muka same shi cikin maciya kifi, muka kuma gane namiji ne, don layi biyu ne baƙaƙe a ƙirjinsa, macen guda ɗaya gare ta, shi ma a katse a tsakiya.

Da rana ta ɗan yi sama muka gangara ƙasan madatsar, inda ruwan da ya tsallake bango yake komawa rafi, yana bi ta kan duwatsu a ƙarƙashin inuwa. Nan ya fi mini ko'ina daɗi. Ruwan ba faɗi gare shi ba, ana jin ƙararsa, iska mai sanyi na biyo shi. A kan wani siririn kara da ya sunkuyo kan ruwa muka ga ƙanin wancan macin kifin, ɗan mitsitsi da bai fi tsawon tafin hannu ba, baya shuɗi mai ƙyalli, ciki ruwan lemo, baki ja wur. Can gaba marai sun kafa gari a kan gora, sheƙuna rataye bila adadin, surutu kamar me. Na zuba wa guda ɗaya ido: ya tafi wurin kwakwar manja, ya ɗan tsaga gefen ganye da baki, ya tashi da shi ya yage dogon zare, ya dawo ya cusa ta nan ya zaro ta can, yana riƙe da ƙafa. Namiji ne ke saƙar, in ya gama sai ya rataya a ƙasan sheƙar yana kaɗa fukafukai, mace ta zo ta shiga ta duba. In bai yi mata ba ta yi gaba.

A bakin wannan rafin ne na ga baƙi. Wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai farin ciki yana bin gefen ruwa a kan duwatsu, gindinsa na sama da ƙasa ba hutawa. Yaron ya ce wannan a Turai da arewacin Asiya yake ƙyanƙyasa, sanyi na shigowa can sai ya ƙetaro Sahara ya zo nan. Sama da shi, a kan busasshen reshe, wasu sirara masu farin maƙogwaro da baƙar hula da dogon zare a wutsiya suna jere. Ɗaya zai tashi ya cafko ƙwaro a iska ya dawo, in mai harbi ne ya goga shi a reshe har dafin ya fita sannan ya ci. Waɗannan namu ne. Da damina a gefen Sahel suke haƙa rami a ƙasa su yi ƙwai, kaka na wucewa su gangaro kurmi, ruwa na sauka a arewa su koma. Haka ma yawancin shirwar da ke cika sararin Kumasi a wannan lokaci, damina na kankama sai su yi arewa. 'Yan cin rani ne sosai, kuma hanyar da suke bi ita ce wadda baban Yaya ya biyo da jakunansa. Na zauna a kan dutse ina kallonsu, ina tunanin wataƙila cikinsu akwai wanda ya taɓa sauka a wata gona a ƙasar Katsina ko Damagaram.

Ba zan ɓoye abin da ya sosa mini rai ba. Jagoran ya kai mu wani lungu ta inda ruwa ke shigowa tafkin daga wajen birni. Robobin lemo, ledojin ruwa, silifa, kwanukan cin abinci na roba, duk sun taru sun yi shimfiɗa a kan ruwa, a tsakaninsu wata mai tafiya kan bado tana kiwo. Ya ce duk ruwan sama mai ƙarfi da sabon kaya yake zuwa, da yashi da laka da ke rage zurfin tafkin, ga gine-gine da ke ta matsowa bakin dajin. Wannan ruwan kuwa shi ake tacewa a tura wa mutane a famfo. Duk wanda ya jefa leda a kwata a can sama, nan take ƙarewa.

Na tambaye shi aku, don na taso ina jin cewa daga kurmin nan ake kai mana su. Ya girgiza kai. Yaron ya ce wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da kuma sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kogunansu. A shekarar ne ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ungulu ma, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A wannan magana da hannunmu a ciki. Mu ne masu sayen aku a keji don ya yi mana sallama a zaure, kuma a kasuwanninmu ake baje kan ungulu a layin masu magani. Mai kallon tsuntsu a daji na safiya ɗaya ma ya isa ya gane cewa kejin bai nuna masa komai daga halin tsuntsun ba.

A hanyar fita yaron ya ba ni labarin wani rafi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, mai suna Cheonggyecheon. An daɗe da rufe shi da kankare, aka ɗora masa babbar gadar mota a sama. Tsakanin 2003 da 2005 hukumar birnin ta rushe gadar, ta buɗe rafin, ta shuka gefensa, yanzu zalɓe da agwagwar ruwa suna kiwo a tsakiyar birni. Na tuna Jakara a Kano, na tuna Subin da muka tsallaka a tsakiyar Kumasi ba tare da na san rafi ba ne, don kwata na ɗauke shi. Aikin Seoul ya ci kuɗi masu yawa, ba kowane birni zai iya ba. Amma abin da ya raya Owabi ba tsada gare shi ba: an ja layi a gefen ruwa, an ce daga nan ba gini, ba sara, ba shara, aka sa mai tsaro, aka bar shekaru suka yi sauran aikin. A ganina wannan bai fi ƙarfin unguwa ba, in masu unguwa da limamai da matasa suka sa kansu.

Wajen ƙarfe goma zafi ya fara, kukan ya ragu, tsuntsaye suka shige inuwa. Muka zauna a bakin ƙofa muka bi abin da na rubuta layi-layi, muna gwada shi da hotunan littafi. Wanda bayanina ya isa a tabbatar da shi, muka sa masa suna. Wanda bai isa ba, kamar wasu ƙanana masu ruwan ganye da suka yi ta gilmawa cikin duhun kurmi, yaron ya ce a bar su babu suna, ba a cike gurbi da zato. Sannan ya shigar da jerin a manhajar eBird ta wayarsa, da wuri da lokaci da tsawon zaman da muka yi, inda masu bincike ke tattara irin waɗannan bayanai daga ko'ina a duniya. Muka yi wa jagoran godiya da ɗan ihsani, muka iso gida kafin azahar.

Da muna cin wake da shinkafa na karanta wa Yaya jerin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi da yake yaro a rafin Aboabo suke wanka, suna kama tarwaɗa da hannu, kuma ɗan shuɗin nan mai jan baki ya san shi sarai, a nan bayan unguwa yake ganinsa. Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kai, yaushe rabon da ka gan shi a nan?" Yaron ya ce shi bai taɓa ba.

Washegari bayan asuba na ce masa ya ɗauko madubin mu je kan gadar. Muka tsaya minti goma sha biyar, masu wucewa suna kallonmu, wata mai koko ta tambaya ko wani abu ne ya faɗa ruwa. Muka rubuta balbela, hankaka, shirwa, kurciya, tsattsewa, da ɗan baƙon nan na Turai guda ɗaya yana kaɗa gindi a kan wata tsohuwar taya. Yaron ya ce jeri daga wurare irin wannan shi ne masu bincike suka fi rasawa, don kowa wurin mai kyau yake zuwa. Ya sa sunan gadar da lokaci, ya tura.